Kwanukan Gwaggo da Ƙidayar Hayin Banki

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan lokaci. La'asar ta yi sakaliya, an sauke tukunyar tuwo daga murhu, an jawo kujera 'yar tsugunno, ga mara a hannu, ga ƙwaryar ruwa a gefe, kwanuka kuma sun jeru kamar almajirai a gaban malam. A gidanmu na Hayin Banki Gwaggo ce ke wannan zama, ko da girkin ba nata ba ne. Mai girki ta tuƙa, amma rabo sai Gwaggo. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe biro ba, amma ban taɓa ganin ranar da ta tsallake kwanon wani ba. Akushin Baba daban. Langar samarin zaure daban, ita ake fara cikawa don ta san ba su da haƙuri. Ga kwanon almajirin gida, ga na ciyayya da ake miƙa wa maƙwabta ta kan katanga, ga 'yan ƙananan kwanukan yara da miya kaɗan don kada su yi wanka da ita. Daga ƙarshe sai ta rufe wani kwano guda ta tura ƙarƙashin gado, wai na baƙon dare. In baƙo bai zo ba, ya zama ɗumamen safe.

Sai da na girma na gane cewa ba a bakin tukunya take yin lissafin ba. Tun da hantsi take yin sa, lokacin awo, kafin a kai masara inji. A nan take yanke mudu nawa za a auna, kuma adadin ba ya zama wuri ɗaya. An yaye yaro, ta ƙara tafi guda. An kai amarya ɗakin mijinta, ta rage kaɗan, amma ba ta ragewa duka, don ta san sati biyun farko ƙannen amarya za su riƙa ɗaukar mata kwano a ɓoye. Ɗan'uwa ya zo daga Soba ko Ikara neman aikin gini ya ce kwana biyu zai yi, Gwaggo ta san kwana biyun Bahaushe, sai ta sa shi a lissafi har kaka. Da azumi awon daban, da suna daban, ranar da aka yi rasuwa a layi kuma ta ninka ba tare da an ce mata komai ba. Abin da ya sa tuwonta ba ya kasawa kuma ba ya kwantai shi ne kullum tana sane da yawan bakunan da ke gidan a ranar, ba na bara ba.

Ni dai a ganina mulkin unguwa bai wuce wannan zama na Gwaggo ba. Gwamnati tana da tukunya, tana da mara, akwai kwanuka a jere: ajin firamare, gadon haihuwa a asibiti, tiransifoma, famfon burtsatse, motar kwasar shara, filin maƙabarta. Kowanne sai an auna shi da yawan mutane. Wanda zai gina aji dole ya san yara nawa za su isa shiga makaranta bana, wanda zai kawo tiransifoma ya san ɗakuna nawa za su rataya a jikinta. In mai rabo bai san yawan bakuna ba, sai ya raba da ka, kuma rabon ka wanda ya fi kusa da tukunya shi yake ƙoshi.

To bari mu duba kwanon Hayin Banki. Unguwa ce a arewacin birnin Kaduna, a yankin Kawo, inda mai fitowa daga Zariya ko Kano ke fara shaƙar iskar gari. A takardar zaɓe mazaɓa ce guda cikin 12 na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ita kuma ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar da 774 na ƙasa baki ɗaya. Sunan ma ya faɗi wani abu game da ita. Hayi a bakin Bahaushe tsallake ne, unguwar da ta tsiro a ƙetaren rafi ko kwari ko hanya bayan cikin gari ya cika. Kaduna cike take da su, ga Hayin Ɗanmani, ga Hayin Malam Bello, Zariya ma tana da Hayin Dogo. Halin hayi ɗaya ne a ko'ina: gida ke riga titi zuwa, mutane su riga gwamnati isa. Wani ya yanki fili ya gina ciki da falo, ya ƙara ɗakunan haya a baya, ƙanensa ya biyo shi, kafin hukuma ta waiwayo an yi layi goma, an yi masallacin Juma'a, an haifi yaran da ba su san wani gari ba sai nan. Kaduna kanta haka ta faro, ba ta da ganuwa ba ta da tsohuwar fada. Turawa ne suka zaɓi wurin, suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da leburori suka cika ta daga kowace kusurwa.

Masu riƙe da mara kuwa, a nan ba su yi kaɗan ba, yawa ma suka yi. Tsani biyu ne aka jingina a bango ɗaya. Na farko na sarauta: mai unguwa, sama da shi dagaci, sama da shi hakimi, har a kai ga Sarkin Zazzau a Zariya. An taɓa cire Kaduna daga wannan tsani a 1956, aka mai da ita yankin babban birni mai kantomansa, daga baya ta koma. Na biyu na zaɓe: kansila, ciyaman a sakatariya, 'yan majalisar jiha biyu da ƙaramar hukumar ke turawa, na Kawo da na Doka da Gabasawa, ɗan majalisar tarayya, sanatan Kaduna ta Tsakiya. Mai unguwa ya san mutane amma ba ya riƙe da ko sisin gwamnati. Kansila yana kusa da kuɗi amma wa'adinsa gajere ne, kafin ya gama sanin lunguna an kaɗa gangar wani zaɓen. Kamar gidan da uwargida ce ta san yawan bakuna, amarya ce ke riƙe da makullin sito, kuma ba sa ga maciji.

Tsanin sarautar ma ba a bar shi ya zauna lafiya ba. Bayan 2001 an yi ta ƙirƙiro gundumomi a jihar har hakimai suka kai 390. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mai da su 77 kamar yadda suke a da, dagatai kuma 1,429, dubban masu rawani suka wayi gari ba kujera. Dalilin da aka bayar shi ne albashinsu ya yi wa ƙananan hukumomi nauyi. An yi ta muhawara, wasu suna ganin an rage ɓarna, wasu suna ganin an nesanta talaka da mai jin kukansa. Abin da ya ba ni mamaki a muhawarar shi ne kowa yana gardama a kan masu rabo nawa suka dace da gidan, alhali babu wanda ya iya faɗin mutanen gidan nawa ne.

Ga tambayar da nake so mai karatu ya gwada yi wa duk wanda ya ga dama, daga mai unguwa har sakatariya: mutum nawa ne a Hayin Banki? Za ka ji amsoshi iri-iri, kowace da rantsuwarta. Ɗan siyasa zai ba ka adadin masu katin zaɓe, wanda babu yara a ciki, amma akwai waɗanda suka tashi daga unguwar da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Malamin asibiti zai ba ka adadin yaran da ake sa ran yi wa rigakafi. Ma'aikacin ofis zai buɗe kwamfuta ya ɗauko ƙidayar 2006, wadda ta ba Kaduna ta Arewa mutum sama da 350,000, jihar Kaduna sama da miliyan 6, Najeriya miliyan 140, ya ɗora mata kashi uku da ɗoriya cikin ɗari a kowace shekara, ya ce ga shi. Alƙaluman da aka fitar wa jama'a daga waccan ƙidaya a kan ƙaramar hukuma suka tsaya, ba su sauko kan unguwa ba. Wato an faɗi yawan mutanen layi gaba ɗaya, ba a faɗi na kowane gida ba. Jaririn da aka haifa a makon ƙidayar, cikin Maris na 2006, ya isa yankar katin zaɓe tun 2024. An sa ranar sabuwar ƙidaya a Mayun 2023, aka ɗage ana saura 'yan kwanaki.

Ka ƙaddara Gwaggo ta ƙirga mutanen gida sau ɗaya, shekarar da aka auro matar Yaya, daga nan ta daina dubawa, kowace shekara sai dai ta ƙara tafi uku a kan mudu ɗari. Ba ta san an gina ɗakuna huɗu a bayan gida ba, ba ta san iyalin Kawu sun gudo daga ƙauye saboda 'yan bindiga sun tare a zaure ba. Da wannan awon ake ciyar da unguwanninmu.

Laifin ba na masu mulki ba ne kaɗai, kuma a nan ne labarin ya fi daɗin bi. Kakanninmu sun san ƙirga, amma ƙirgar da suka sani ta karɓa ce. Zamanin En'e, duk shekara malamin haraji yakan zauna a ƙofar dagaci da littafinsa, mai unguwa yana kiran magidanta da samarin da suka tasa, ana rubutawa. Wanda sunansa ya shiga littafi ya shiga biya. Makiyayi kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali. Saboda haka hikimar talaka ta koma ɓoyewa. Saurayi ya fara gemu a ce yaro ne tsawo ne kawai ya yi masa yawa, malami na shigowa gari wasu su tuna suna da gona a nesa, garke ya ƙetare rafi da asuba. Takardar haraji ita ce katin shaidar talaka, wanda ba ya da ita a hanya ya gamu da ɗan doka ya shiga uku. Da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna da Muhammadu Abubakar Rimi a Kano suka hau mulki a 1979 suka soke haraji da jangali, talakawa sun yi murna, kuma suna da gaskiya, don an sha wulaƙanci a kan kuɗin nan. Sai dai littafin ya tafi tare da harajin. Da muguntarsa da komai, shi ne kaɗai rajistar da ake sabuntawa duk shekara unguwa-unguwa, kuma ba a kawo wani a madadinsa ba.

Da ƙirga ta koma ta rabo, sai hikimar ta juya. Kujerun majalisa da yawan jama'a ake yanka su. Kuɗin asusun tarayya, wanda ƙananan hukumomi ke da kashi 20.6 cikin ɗari a ciki, idan an zo raba shi tsakaninsu kashi 40 ake rabawa daidai wa daida, kashi 30 kuma bisa yawan mutane, sauran a bi faɗin ƙasa da wasu ma'aunai. Gidan da jiya yake ɓoye samarinsa a rumbu, yau shi ke aro yaran maƙwabta ya jera a tsakar gida. Shi ya sa ƙidaya a ƙasar nan ba ta taɓa wucewa salin-alin ba. Ta 1962 rigima ta cinye ta aka sake a 1963, aka sami miliyan 55.6, ita ma har kotu. Ta 1973 Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ƙasa da abin da masu hasashe suka zata. A ta 2006 an cire tambayar addini da ƙabila don a zauna lafiya, amma Legas ta ce an tauye ta, ta fito da nata adadin. Mun ga ƙaramin misalinsa a ƙofar gidajenmu lokacin rabon gidan sauro, da ake ba da ɗaya ga kowane mutum biyu. Gidan da na sani da mutum tara ranar ya zama na goma sha shida, har da kakar da ta rasu shekara uku da suka wuce.

Akwai kuma wani abu da takardar ƙidaya ba ta san da shi ba, wato kunya. Ina tsaye a tsakar gida ranar da malaman ƙidaya suka shigo a 2006, saurayi da budurwa, da jakunkuna da tawadar dangwala wa mutane a yatsa. Saurayin ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ce, "Inna, 'ya'yanki nawa?"

Gwaggo ta kau da kai ta ce, "Ɗan nan, ai ba a ƙirga su. Allah dai ya raya."

Ya ce, "To Inna, babban mene ne sunansa?"

Nan fa ya taɓo inda ba a taɓawa. Matar da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba tun da ta haife shi, yau wani yaro da biro yake so ta faɗa a gaban surukai. Ta ce, "Wannan kuma sai ka tambayi Malam in ya shigo." Budurwar ce ta gane, ta yi murmushi ta ce, "Inna, to kwano nawa kike zubawa da daddare?" Gwaggo ta gyara zama. Ta lissafo su tun daga akushin Baba har kwanon almajiri, da mai cin kowanne, da waɗanda ke tarayya a langa ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matar da ta ƙi ƙirga 'ya'ya don tsoron baki, ita ce ta ba su ƙidayar da ta fi ta kowane gida a layinmu inganci. Tambayar ce kawai sai an san ta inda za a shigo da ita.

Abin da ya tuno mini da duk wannan shi ne yadda ƙasar Iran ke tsara ƙauyukanta. Mu a nan mun fi sanin ƙasar ta labaran siyasa da sashen Hausa na rediyon Tehran, amma akwai wani ɓangare nata da ba ya shiga labarai. An raba ƙasar zuwa larduna 31 da suke kira ostan. Kowane lardi an raba shi zuwa shaharestan, waɗanda sun haura 400, kusan matsayin ƙaramar hukuma a wurinmu. Ƙarƙashinsu akwai bahash, kamar ƙasar hakimi. Can ƙasa kuma sai dehestan, gundumar karkara, tarin ƙauyuka da ke maƙwabtaka da juna, kamar ƙasar dagaci. Deh a Farisanci ƙauye ne. Irin waɗannan gundumomi sun haura 2,500, kuma da yawansu ƙanana ne ƙwarai, wata mutanenta ba su kai 5,000 ba, warwatse a ƙauyuka ashirin ko talatin a gindin duwatsu, masu noman alkama da kiwon tumaki da lambunan rumman. Layi biyu ko uku na Hayin Banki za su iya shanye wata gundumar sukutum.

Amma duk ƙanƙantarta tana da kwanonta a jere. Iran ta fara ƙidaya ta zamani a 1956, ta riƙa yi duk shekara goma har 2006, sannan ta yi a 2011 da 2016, inda aka sami mutum miliyan 79.9. Kuma ba a kan lardi alƙaluman ke tsayawa ba. Ana fitar da na kowace gunduma da kowane ƙauye, mutum kaza a gida kaza, har ƙauyen da bai wuce gida goma ba. Mai son sani zai iya jera ƙidaya uku ya ga ko ƙauyen kakansa yana cika ne ko yana zubewa. Tun 1999 ƙauyuka ke zaɓen majalisunsu, majalisar kuma ta naɗa mai gudanar da harkokin ƙauye da suke kira dehyar, wanda ya gaji wani ɓangare na aikin kadhoda, mai garinsu na dā.

Wanda ya fi kama da Gwaggo a tsarin nasu ba basarake ba ne, ma'aikacin lafiya ne. Tun shekarun 1980 suka baza ƙananan gidajen lafiya a karkara, kowanne da ma'aikaci namiji ko mace da ake kira behwarz. Daga cikin 'yan ƙauyen ake ɗaukarsa, a horar da shi kamar shekara biyu, a dawo da shi cikin danginsa. Kowane gida yana da fayil a wurinsa. A farkon shekararsu, wadda ke kamawa cikin Maris, yakan bi gida-gida ya sabunta lissafin mutanen da ke hannunsa, kuma a bangon ɗakin akwai babbar takarda da ake cike haihuwa da mutuwa a kai wata-wata. Ɗan gari ne, ya san wadda ke da ciki tun ba ta fara zuwa awo ba, ya san gidan da ba a shiga da tambaya kai tsaye. Ba ya jiran malaman ƙidaya daga babban birni kafin ya san allurar rigakafi nawa zai nema.

Kada a ɗauka ina cewa can aljanna ce. Gwamnan lardi da shugabannin shaharestan da bahash naɗa su ake yi daga sama, ba zaɓe ba. Ƙirgar kuma ba ta hana ƙauyuka tsiyayewa ba. A 1956 kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar a karkara suke, zuwa 2016 sun koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu, fari da neman aiki sun kwashe matasa zuwa Tehran da Mashhad da Isfahan, har akwai ƙauyukan da suna kawai ya rage a rajista. Ƙirga kwano ba ta dafa tuwo. Abin da take yi shi ne ta hana mai rabo cewa bai sani ba. Ba ma sai mun je Farisa ba. Maƙwabtanmu na Nijar, bayan ƙidayarsu ta 2012, sun fitar da kundin garuruwa da ƙauyuka da rugage, kowanne da yawan mutanensa, har na jihar Maraɗi da ke nan bayan Jibiya.

Abin haushin shi ne a Hayin Banki ma ana ƙirga, kullum ana yi, sai dai kowa da nasa a aljihu. Dubi bangon kowane gida za ka ga rubutun alli na masu ɗigon shan-inna. Matan nan masu hijabi da akwatin ƙanƙara sun san gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da gidan da maigida ke cewa ba kowa alhali ana jin kuka daga ɗaki. Ungozoma ta san haihuwar layinta. Liman ya san sunan da ya raɗa da auren da ya ɗaura da gawar da ya sallata. Masu haƙar kabari sun san nasu lissafin. Mai garuwa zai faɗa maka gidan da ke shan jarka shida da wanda ke shan ashirin, kuma daga nan ka san yawan mutanen ciki fiye da yadda fom zai gaya maka. Mai unguwa kuwa, babu cinikin gida ko rikicin haya ko baƙon da ya tare da ba ya bi ta zaurensa. Hatta ɗan siyasa, ana gobe zaɓe, ya san mata nawa ne a kowane lungu, don atamfa da taliyar da zai raba ba sa kuskure. Ranar da ake neman ƙuri'a an san yawanmu. Ranar rabon aji da magani ne lissafi ke ɓacewa.

Gaskiya ne ƙirga unguwa irin tamu ya fi ƙirga ƙauyen Farisa wuya. Can wanda bai bar ƙauye ba yana mutuwa a gidan da aka haife shi. Nan gidan haya ne, ɗaki goma iyali goma, Bahaushe da Bayarabe da mutumin Kudancin Kaduna da Banufe suna layin banɗaki ɗaya, wata na ƙarewa wani ya kwashe kayansa a a-kori-kura wani ya shigo. Ga 'yan ci-rani da ke cika shaguna da rani su koma gona da damina. Ga waɗanda ke kwana a nan su wuni a Kasuwar Barci ko Bakin Dogo, ga waɗanda ranar Talata kawai ke kawo su saboda kasuwar Kawo. Amma wannan dalili ne na a riƙa ƙirgawa a kai a kai. Gidan da baƙi ke yawan shiga da fita shi ya fi bukatar a duba kafin a yi awo. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, balle a ce mai zuba man bai san girman tukunyar ba. Sakamakon muna ganinsa: aji ɗaya yara sun cika shi har bakin taga, tiransifoma ta ƙone a yi karo-karo a gyara ta sake ƙonewa, magudanar da aka haƙa don gida hamsin tana ɗaukar ruwan gida ɗari biyar, da damina ta mayar wa mutane kayansu cikin ɗaki.

Kuma ba sabon aiki ba ne za a ƙirƙiro wa kowa. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. An yi ta murna za a miƙa wa amarya makullin sito, ban ji wanda ya tambaya ko ta san yawan mutanen gidan ba.

Gwaggo ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Gidan ya rabu, kowace mace da risho ko gas ɗinta a ƙofar ɗaki, kwanuka sun koma kuloli, ba mai zama ya jera su wuri ɗaya. Rannan na tambayi ƙanena da ke zaune a gidan mu nawa ne yanzu, sai da ya ƙirga da yatsu sau biyu kuma ya manta da 'yan haya.

Roƙona ga kansilan Hayin Banki, ko wane ne ke kan kujerar lokacin da wannan rubutu ya iske shi, da masu unguwanninmu, Allah ya ja zamaninku: kada ku jira Abuja. Littafi mai bango mai kauri guda ɗaya ga kowane mai unguwa, lamba a ƙofar kowane gida, matan rigakafi da limamai da ungozomomi su riƙa kawo abin da suka riga suka sani, a zauna sau ɗaya a shekara bayan Babbar Sallah a sabunta, a manna jimillar a bangon asibitin unguwa inda kowa zai gani. Wanda za a tura cikin gidaje kuma a ja masa kunne tun daga zaure: kada ya tambayi tsohuwa 'ya'yanta nawa, ya tambaye ta kwano nawa take zubawa da daddare.